Wai Suzuki sunan mutum ne ko sunan babur ne kawai?

Sabo_Bakanike:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ina da tambaya don Allah masu sani su taimaka. Jiya da daddare muna kallon ƙwallo a majalisa, wasan Parma na Italiya, sai na ga mai tsaron gidansu wani yaro dogo baƙi an rubuta masa Suzuki a bayan riga. Ni shekarata 22 ina gyaran babur, tun ina yaron shago nake kwance injin Suzuki ina ɗaurawa, ban taɓa kawowa a raina wai sunan ɗan adam ba ne. Nan take musu ya kaure, wani yaron shagona ya ce talla ce kamfanin ya biya, wani kuma ya rantse ɗan mai kamfanin ne. To wai menene gaskiya, kuma me kalmar take nufi a yarensu?

Dan_Serie_A:
Wa'alaikumussalam Malam Sabo. Ba talla ba ce, sunansa ne. Zion Suzuki kenan, golan ƙasar Japan, an haife shi a Amurka a 2002, babansa ɗan Ghana ne mamarsa 'yar Japan, a garin Urawa na Japan ya tashi kuma can ya fara buga ƙwallo, ya je Beljiyam sannan Parma ta saye shi a 2024. Ba ruwansa da masu kamfanin babur.

Ummu_Haidar:
To ya aka yi uba ɗan Ghana amma yaro na amsa sunan dangin uwa? Wannan ne ya fi ɗaure min kai ni kam.

Injiniya_Hamamatsu:
Malam Sabo tambayarka ta faɗo gidan sauƙi, don garin da kamfanin yake nan na yi karatu shekara 4, Hamamatsu a lardin Shizuoka. Suzuki sunan dangi ne, kuma ba ƙaramin suna ba, shi ne na biyu wajen yawa a duk Japan bayan Sato. Masu amsa shi sun kai wajen miliyan 1 da dubu 800. A Hamamatsu kuwa abin ya wuce misali. Akwai ranar da na je asibiti da zazzaɓi, muna zaune a layi shiru kamar yadda suke, nas ta leƙo ta ce Suzuki-san, wallahi mutum uku suka miƙe lokaci ɗaya, tsoho ɗaya da mata biyu, sai da ta koma ta duba takarda ta haɗa da sunan yanka sannan aka gane wa ake kira. A ɗakin binciken da nake ma su biyu ne, dole muke kiransu da sunayen yankansu duk da cewa a al'adarsu da sunan dangi ake kiran mutum a wurin aiki.

Shi mai kamfanin sunansa Michio Suzuki, kuma ba da babur ya fara ba, masaƙa yake ƙerawa, ya buɗe wurinsa a 1909 don yankin na masu saƙar auduga ne. Sai 1952 suka fitar da keke mai ɗan ƙaramin inji, 1955 suka yi mota.

Sabo_Bakanike:
Ikon Allah, masaƙa! Injiniya Allah ya saka da alheri. To saura ma'anar.

Kb_Rijiyar_Zaki:
Na taɓa gani a wani wuri an ce ma'anarsa itacen ƙararrawa

Injiniya_Hamamatsu:
Kb ba ka yi ƙarya ba amma rabin zancen ne. Haka ake rubuta shi 鈴木, harafin farko suzu wato ƙararrawa, irin 'yar ƙaramar nan mai ƙwaya a ciki da ake kaɗawa, na biyu ki wato itace. Sai dai su Japanawa haruffan nan daga Sin suka aro su, kuma sau da yawa kalma tana nan a bakin mutane tun tuni sai daga baya a nemo haruffan da sautinsu ya dace a liƙa mata ba tare da an damu da ma'ana ba. Bayanin da masana sunaye suka fi tafiya a kai shi ne asalin kalmar daga gona ta fito. A yankin Kumano, kudancin Wakayama, idan an yanke shinkafa ana kafa sanda a tsakiyar gona a tara damman a kewaye da ita har su yi tsibi, to wannan tsibin shi suke kira suzuki ko susuki a karin harshensu. Dangin ma reshe ne na wata tsohuwar zuri'a mai suna Hozumi, kuma Hozumi ɗin ma'anarsa tara zangarniya. Ka ga maganar ta haɗu kenan, duk abu ɗaya ake faɗa.

Manomi_Kadawa:
Allahu akbar. Wannan bayani ya shige ni sosai. Mu nan in mun yanke shinkafa haka muke tara ta tsibi tsibi a kan tamfol kafin masu bugu su zo, kuma duk manomi ya san babu abin da ya kai ganin tsibin nan daɗi a ido, bayan wata huɗu kana cikin taɓo, ga kuɗin taki ga korar tsuntsu tun asuba, ranar da ka tsaya ka kalli tarin nan sai ka ji gajiya ta sauka. To in dai da wannan mutane suka sa wa kansu suna ni ban ga sunan da ya fi shi ba. Ashe babur ɗin da nake ɗaukar buhu da shi ma sunan manoma gare shi.

Hajjo_Zinder:
Ku duba fa, susuki da sussuka tamu ta hatsi, ba ku ji sun yi kama ba? Duk kuma maganar amfanin gona ce

Malam_Nazari:
Hajjo kamar ta burge ni nima, amma dace ne kawai na sauti, Hausa da Japananci ba su haɗa asali ba ko ta nesa. Abin da nake so in ƙara a kan maganar Injiniya shi ne yadda aka yi sunan ƙauye ɗaya ya cika ƙasa, don wannan ne ainihin abin mamakin.

Kumano wuri ne na ziyarar addininsu tun fiye da shekara 1000, akwai manyan wuraren bauta guda uku, Hongu da Hayatama da Nachi, sarakunansu ma daga Kyoto suke takawa zuwa can ta cikin duwatsu da daji, hanyoyin har UNESCO ta sa su a jerin wuraren tarihi na duniya a 2004. To dangin Suzuki masu hidimar waɗannan wurare ne. Babban gidansu ya zauna a Fujishiro, cikin garin Kainan na yanzu, a bakin hanyar masu ziyara. Daga nan mutanensu suka riƙa fita suna yaɗa bautar Kumano, su bi gaɓar teku su yi gabas, inda suka sauka su kafa reshen wurin bauta su zauna su hayayyafa, mabiya kuma su ɗauki sunan. Yanzu haka rassan wuraren bautar Kumano sun kai 3,000 a faɗin Japan.

Sai abu na biyu, wani reshe nasu ya yi ƙarfi a Mikawa, gabashin lardin Aichi na yau, kuma nan ne mahaifar Tokugawa Ieyasu wanda ya zama shogun, wato shugaban mulkin soja na ƙasar, a 1603. Da ya mai da Edo cibiyar mulki, wato Tokiyo ta yanzu, baradensa na Mikawa suka bi shi, cikinsu har da Suzuki da yawa. Shi ya sa har gobe sunan ya fi kauri daga Aichi da Shizuoka zuwa Tokiyo da Kanagawa da Chiba da Saitama. A Tokiyo shi ne na ɗaya, Sato sai ka yi arewa wajen Tohoku da Hokkaido yake rinjaye.

Injiniya_Hamamatsu:
Malam ya gama magana. Ƙari ɗaya, a can Wakayama inda sunan ya fito ba shi ne ya fi yawa ba ko kusa, yammacin Japan gaba ɗaya su Tanaka da Yamamoto ne suka cika ta. Na je Kainan sau ɗaya da wani abokina mai wannan suna, lokacin tsohon gidan ya lalace rufin ya lotsa ciyawa ta cinye tsakar gida, ya tsaya ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Daga baya aka tara kuɗi aka gyara shi, an buɗe wa masu ziyara a 2023.

Abba_Takari:
To kenan duk Suzuki miliyan ɗaya da ɗoriyar nan kakansu ɗaya? In haka ne ai wanda ya ce golan ɗan'uwan mai kamfani ne bai yi kuskure ba, ko da na nesa ne

Malam_Nazari:
A'a Abba, nan ne mutane ke zamewa. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, talaka ba shi da izinin amfani da sunan dangi a hukumance, samurai, wato baradensu, ne da fadawa da wasu 'yan tsirarun da aka yi wa alfarma. Manoma da yawa suna da nasu a gida da cikin ƙauye amma ba ya shiga takardar hukuma. Da gwamnatin Sarki Meiji ta zo bayan zamanin Edo sai ta ba kowa izini a 1870, mutane ba su damu ba, sai a ranar 13 ga Fabrairu 1875 aka mai da shi dole saboda ana so a san wa zai biya haraji wa za a ɗauka soja. Wanda yake da tsohon suna ya fito da shi, wanda ba shi da shi ya ɗauki na wurin da yake zaune ko na babban gidan da yake jingine da shi ko wanda mai wurin bautar ƙauyen ya zaɓa masa. A yankin da Suzuki yake suna mai daraja kuwa ai ka san da yawa shi za su ɗauka. Don haka suna ɗaya ba ya nufin jini ɗaya.

Abba_Takari:
Na ji Malam, amma ni har yanzu ina ganin in aka bi diddigi za a tarar da yawansu suna da alaƙa, tunda kai ma ka ce mutanen gidan ne suka yi ta fita suna zama a garuruwa. Shekara ɗari takwas ana haihuwa ai ba wasa ba ne.

Malam_Nazari:
Wasu kam tabbas suna da ita, ban musa ba. Abin da na ƙi shi ne a ce duka.

Maman_Twins:
Ku tsaya ku ji nawa daga kicin. Farin magin nan Ajino-moto da muke sawa a miya, shi ma wani Suzuki ne ya kafa kamfanin. Wani farfesa Kikunae Ikeda ne ya gano sinadarin a 1908, shi kuma Saburosuke Suzuki ya sa kuɗi aka fara sayarwa a 1909. Shekara ɗaya da mai masaƙa amma kowa harkarsa daban gari daban. Kun ga mata ma mun daɗe da Suzuki a gida ba mu sani ba

Sabo_Bakanike:
Hajiya wannan kuma sabo ne a wurina wallahi. Yau na ƙaru.

Usman_Spare:
Mu da ke harkar kayan gyara kusan duk sunayen da muke kira kullum na mutane ne. Honda sunan Soichiro Honda ne, Yamaha na Torakusu Yamaha, Kawasaki na Shozo Kawasaki, Mazda daga Matsuda. Toyota ma sunan gidan Toyoda ne aka sauya harafi ɗaya, kuma su ma da injin saƙa suka fara.

Injiniya_Hamamatsu:
Haka ne Alhaji Usman, kuma Honda da Yamaha da Suzuki duka ukun a Hamamatsu suka fara. In ka lura sunayen nasu kusan duk gona ne da dutse da ruwa. Da ɗin nan ko ta da ke ƙarshen Honda da Toyoda da Matsuda ma'anarsa fadamar shinkafa. Tanaka tsakiyar gona, Yamamoto gindin dutse, Takahashi doguwar gada, Kawasaki kuma kawa ɗin kogi ne. Da ka iya haruffa kamar 50 sai ka riƙa karanta allon ƙofar gidajen mutane kamar kana kallon taswirar ƙauye.

Ummu_Haidar:
Har yanzu fa ba a amsa min tawa ba, ta sunan uwa

Barista_Amina:
Yi haƙuri Ummu Haidar, ga ta. A Japan akwai rajistar iyali da suke kira koseki, ɗan ƙasa ne kaɗai yake da ita. In 'yar Japan ta auri baƙo to rajistar da sunanta take, yaran da aka haifa a cikin tata ake rubuta su, sai su tashi da sunan da ke kan rajistar. Shi ya sa za ki ga 'yan wasansu da yawa da iyayensu maza baƙi ne suna ɗauke da sunan uwa.

In kuma duka biyun 'yan ƙasa ne, sashe na 750 na dokar zamantakewarsu ya ce dole mata da miji su zama da sunan dangi ɗaya. Dokar ba ta ce lallai na miji ba, amma kusan kashi 95 cikin 100 matar ce ke barin nata. An kai ƙara har kotun ƙoli, a 2015 da 2021 duk ta ce dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba. Mata masu aiki da yawa suna kuka da abin don sai ki canza banki da fasfo da lasisi da hatimin da suke sa hannu da shi, duk sunan da kika yi shekaru kina ginawa a wurin aiki ya tafi rana ɗaya.

Ustaz_Bashir:
A nan kam mu gode wa Allah. Suratul Ahzab aya ta 5 ta yi umarni a kira mutane da sunan ubanninsu, mace ko ta yi aure tana nan 'yar babanta. Wannan ɗabi'ar ta matan yanzu su cire sunan uba su sa na miji ba tamu ba ce, aro ce, kuma ina roƙon 'yan'uwa mata su duba.

Barista_Amina:
Gaskiya ne Ustaz, ni ma sunan mahaifina nake amfani da shi. Amma wani lokacin ba son ran matar ba ne, na taɓa zuwa cike wata takarda jami'in ya dage sai na sa sunan maigidana a gurbin sunan dangi, sai da muka yi kusan awa guda ina nuna masa takardun makarantata kafin ya haƙura.

Malam_Nazari:
Tunda an zo nan bari in kawo abin da ya shafi kamfanin babur ɗin kai tsaye. Osamu Suzuki da ya riƙe kamfanin tun 1978, wanda ya kai shi Indiya har motocin Maruti Suzuki suka cika titunansu, ba a haife shi Suzuki ba. Sunansa Osamu Matsuda, ya auri jikar Michio sai gidan suka ɗauke shi a matsayin ɗa ya koma amsa sunansu. Suna kiran wannan mukoyoshi, suruki ya zama magaji, kuma shugabanni biyu da suka gabace shi ma haka suka shigo gidan. Ya rasu a Disamba 2024 yana da shekara 94. To Abba ka gani, ko a cikin gidan kamfanin kansa sunan ba ta jini kaɗai yake tafiya ba.

Abba_Takari:
Wannan kam hujja ce mai ƙarfi Malam. Amma dai matar jininsu ce, 'ya'yan kuma jikokin gidan ne, to jinin bai yanke ba ta ɗaya ɓangaren

Kb_Rijiyar_Zaki:
Ni abin da nake tambaya, miliyan 1.8 a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 120 ai ba wani yawa ba ne, me ya sa ake zuzuta shi?

Injiniya_Hamamatsu:
Saboda sunayen dangi a Japan sun haura 100,000 Kb, shi ya sa wanda ya samu kashi ɗaya da rabi cikin ɗari ya zama babba. Kwatanta da Koriya ta Kudu inda kusan mutum ɗaya cikin biyar Kim ne. Amma da yake duk aure sai suna ɗaya ya faɗi, ga haihuwa ta ragu, ƙananan sunaye suna ta ɓacewa. Wani farfesa a jami'ar Tohoku, Hiroshi Yoshida, ya yi lissafi a 2024 cewa in aka ci gaba a haka zuwa shekarar 2531 kowa a Japan Sato zai zama. Ya yi ne don ya ja hankali kan dokar da Barista ta ambata.

Dattijo_Gusau:
'Ya'yana na karanta duka kuma na ji daɗi. Abin da aka yi musu a 1875 ya tuna min da namu. Mu ba mu da sunan dangi irin wannan, sunanka da na ubanka ne, sai laƙabi ko sana'a. Da aka kai mu makarantar kwana malamin da ke rajista in ya ga Muhammadu sun yi yawa sai ya tambayi garinku ya rubuta, shi kenan ya bi ka har kabari. Dubi Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Sa'adu Zungur, duk sunayen wurare ne. A ajinmu mu huɗu muke amsa sunan gari ɗaya kuma babu wanda ya haɗa ko kaka da wani. Don haka maganar Malam Nazari ban sha wahalar gane ta ba. Kuma babur na farko da na saya da albashina Suzuki ne, ja, na yi shekara 11 ina hawansa zuwa makarantar da nake koyarwa.

Sabo_Bakanike:
Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Irin naku na da ai har yanzu akwai wani dattijo da ke kawo min nasa, tankin duk ya koɗe amma bugu ɗaya yake tashi. Gobe in Allah ya kai mu zan tara yaran shago in karanta musu wannan duka, musamman wanda ya ce talla ce.

Hajjo_Zinder:
Injiniya tambaya ta ƙarshe, su da kansu masu sunan sun san cewa tsibin shinkafa ne ko su ma ƙararrawar suka sani?

Injiniya_Hamamatsu:
Waɗanda na zauna da su dai yawanci ƙararrawa da itace za su ce miki, don shi suke rubutawa kullum. Abokin nan nawa da muka je Kainan shi ya sani saboda kakansa manomi ne kuma yana ba su labari. Akwai ma kifin teku da ake kira suzuki, harafinsa daban, ranar da na fara ganinsa a kasuwa an rubuta a kan ƙanƙara na ɗauka sunan mai teburin ne sai da matar ta ɗago min kifin ta nuna.

Manomi_Kadawa:
Injiniya in kana da hoton irin tsibin nasu da sandar a tsakiya don Allah ka turo mana nan, ina so in ga yadda suke jera damman ruwa bai shiga ba, mu bana ruwan ƙarshe ya ɓata mana kusan buhu shida a tari.